Motar Malamin Lissafi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina shiga bas daga Ikara zuwa Makarfi, inda nake koyar da lissafi a wata makarantar sakandare, kuma a tsawon shekarun nan ban taɓa makara ba sai ranar da taya ta fashe ko ruwan sama ya tsare kowa a gida. Na faɗi haka tun da fari ne don a san irin mutumin da ya je ya sayi mota wai don ya riƙa isa wurin aiki da wuri.

Bas ɗin da na saba shiga ta wani direba ce ɗan Saulawa, dogo, mai 'yar furfura a gemu. Ba ya tashi sai mota ta cika, kuma cika a wurinsa ba ruwanta da yawan kujeru. Kujerar mutum uku huɗu yake zuba mata, in an yi ƙorafi ya ce waɗanda suka ƙera motar ba su san mutanen Ikara ba, mu ba mu da ƙiba. Na yi tafiya da kwandon tumatir a cinya, na yi da kaza tsakanin ƙafafuna. Na taɓa riƙe wa wata tsohuwa ƙwaryar man shanu tun daga tasha har Makarfi, duk ramin da aka faɗa sai ta harare ni kamar ni na haƙa shi. A cikin bas ɗin nake jin tsadar taki tun kafin rediyo ya ji. A ciki kuma nake duba aikin ɗalibai a kan gwiwa, shi ya sa duk wanda ya ga alamar jan biro ta yi doguwar wutsiya a littafinsa ya san a daidai gargada aka duba shi.

Abin da ya ja ni ga sayen mota lissafi ne, kuma wannan ya fi komai ba ni kunya. Wata Asabar na zauna da takarda na raba nisa da gudu, kamar yadda nake koya wa yara, na ga tafiyar ba ta wuce minti talatin da biyar. Sauran lokacin duk a tasha yake ƙarewa, inda ɗan kamasho ke ta ihun "saura mutum biyu" ko da mutum biyu ne kacal a cikin motar. Na nuna wa maiɗakina takardar. Ta duba, ta ce ita dai abin da ta gane shi ne zan riƙa shan kokona a zaune, ita kuma za ta daina zuwa biki a bayan ɗan acaba. Muka amince da sakamakon ba tare da gardama ba.

Na sayi wata 'yar ƙaramar mota ruwan toka, ta hannu, wadda ta riga ta ga duniya kafin ta gan ni. Kwana biyu maƙwabta na shigowa suna shafa ta suna cewa Allah ya sa a kashe lafiya. Ranar Litinin na fito ƙarfe bakwai daidai, da shirin in isa makaranta in sami lokacin goge allo da kaina.

Ban kai ƙarshen layinmu ba na haɗu da limamin unguwa.

A nan ne takardata ta fara ɓaci, kuma ya kamata in yi bayani. Idan kana cikin bas ka hangi babba a bakin titi, sai ka ɗaga hannu ta taga, shi ke nan ka fita haƙƙinsa. Ba wanda zai zarge ka, don kowa ya san birki ba a ƙarƙashin ƙafarka yake ba. Amma a motarka, birkin naka ne, kuma duk garin ya san da haka. Sa'anka za ka iya gaishe shi ta taga, inji na aiki. Babba kuwa sai ka tsaya, ka kashe mota, ka fito, ka rusuna. Ina kwana, an tashi lafiya, ina gajiya, yaya iyali, yaya zafi, yaya mai jiki, yaya muka ji da haƙurin wane. Sannan aka ƙaro wata sabuwa domina: "Yaya mota?" Ni kuma in ce, "Mota ta gode." Na karanta rubuce-rubuce da dama a kan yadda mota ta 'yantar da ɗan Adam daga jiran wasu. Na tabbata marubutansu ba su taɓa zama a garin da suka san kowa ba.

Gaisuwa ma mai sauƙi ce in aka gwada ta da rage hanya. A wajenmu dattijo ba ya roƙon a ɗauke shi. Zai dai tsaya a bakin titi da buhunsa yana kallon sama, kamar mai duba hadari. Kai ne za ka tsaya ka ce, "Baba, ina zuwa haka?" Shi kuma dole ya ƙi sau biyu. "A'a, Malam, je ka abinka, kada in tsayar da kai." Yana faɗa hannunsa na kan ƙofa. In ka tambayi inda zai sauka sai ya ce nan gaba kaɗan. Na koyar da awon nisa iri-iri a rayuwata, amma har yau ban gano tsawon "nan gaba kaɗan" ba. Wani lokaci bakin rijiyar can ce. Wani lokaci sai an sauka daga kwalta, an bi burtali, an wuce gonar rake biyu, an kuma shiga an gaida mutanen gidan tunda an zo.

Ranar farko na isa makaranta takwas da minti ashirin da biyar. Bas ɗinmu ta wuce ni sau ɗaya ina durƙushe gaban wani tsoho, direban ya danna mini hon mai tsawo, wanda na fahimci ma'anarsa sarai.

Matsalar ita ce darasin farko nawa ne, kuma na 'yan aji shida ne. Yaran nan ni na karɓe su tun suna aji huɗu, lokacin da in na rubuta harafi a cikin lissafi sai su ja da baya kamar sun ga kunama a allo. Shekara uku ina lallaɓa su. Na san wadda ke gane abu amma ba ta ɗaga hannu, na san wanda ke ɗaga hannu tun kafin ya ji tambayar. Saura 'yan makonni su zauna jarrabawar fita, kuma babu abin da nake so a wannan shekarar kamar in raka su ƙofar ɗakin jarrabawa da kaina.

Shugaban makarantarmu gajeren mutum ne, malamin tarihi, wanda kullum da safe yake tsayawa ƙarƙashin darbejiyar bakin ƙofa yana amsa gaisuwa da ido ɗaya a kan agogon hannunsa. Ya yi mini haƙurin mako uku, sannan ya kira ni ofis.

"Malam, zauna. Da kana zuwa a motar haya, kai kake riga ni. Yanzu da Allah ya hore maka taka, sai na fara kewar ka."

"Ranka ya daɗe, mutane ne a hanya."

"Da babu su a hanyar?"

"Akwai su. Amma da ba su san ni ne ba."

Bai yi dariya ba, ko da yake na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya ce yara ba za su zauna jiran gaisuwa ba jarrabawa na matsowa. In na sake makara ko sau ɗaya, zai miƙa ajin ga abokin aikina, wani matashin malami da ke zuwa daga Kudan a kan babur. Shi wannan yana sa hular kwano mai rufe fuska, ba don tsoron faɗuwa kaɗai ba, kamar yadda ya taɓa gaya mini a asirce. In ya sa ta, ko surukinsa ba ya gane shi. Ya iya lissafi ƙwarai. Na san yaran ba za su cutu a hannunsa ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Na fara neman dabara. Na ce bari in fito da sassafe, ana idar da sallar asuba. Ashe lokacin ne duk dattawan unguwa ke waje a jere, sun sami sahu guda suna jiran wanda zai gaishe su. Na isa a kan lokaci da ƙyar, gwiwoyina na ciwo. Washegari sai na yanke shawarar da har yau nake jin nauyinta in na tuna. Na riƙe sitiyari da hannu biyu, na kafe idona a kan titi kamar mai koyon tuƙi, na ce yau ko wa na gani ban gan shi ba. A wata kwana bayan gari na hangi wani tsoho da jaka a kafaɗa. Na ƙara wuta. Na isa makaranta takwas saura minti ashirin, na goge allo da kaina, na yi darasi mai daɗi.

Da na koma gida na tarar Inna, mahaifiyata, ta aiko a kira ni. Ta bar ni a durƙushe na ɗan lokaci tana tsince shinkafa, kafin ta ce, "Ashe mota tana makantar da mutum? Da na sani da na hana ka saya. Yayana ka wuce a titi, uwa ɗaya uba ɗaya."

Kawu ne. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tuƙa gingimari zuwa kurmi da buhunan masara da barkono, kafin 'ya'yansa su sa shi ya ajiye. Tun da ya ajiye ya zama mai yawan shiru, yana zaune a ƙofar gida yana bin kowace mota da kunne. Na je na same shi bayan la'asar, na cire hula, na fara ba da haƙuri. Ya bar ni na gama tsaf.

"Wuce ni da ka yi bai dame ni ba, ɗana," in ji shi. "Abin da ya dame ni, yadda ka shiga kwanar nan da giya ta huɗu. Wa ya koya maka tuƙi, mai keke?"

Hukuncin da aka yanke mini shi ne kullum in biya in ɗauke shi, tunda yana da gonar rake a wajen Makarfi da yake son leƙawa. Na karɓa da godiya, ba don na so ba. Kawu a kujerar gaba yana nufin wa'azi a kan kuloci tun daga gida, kuma ya san kowa a hanyar nan har kakanninsu. In na yi kamar ban ga mutum ba sai ya taɓa mini gwiwa ya ce, "Tsaya, wannan ubansa ya taɓa tura mini mota."

Kwana huɗu ina tsallake rijiya da baya, in shiga ƙofar makaranta ana buga ƙararrawa. Rana ta biyar ta faɗo ranar kasuwar Makarfi.

Kafin mu bar gari motar ta cika. A baya akwai wata maƙwabciyarmu da jaririnta za su asibiti allurar rigakafi, da wata Bafulatana da ƙwaryar nono wadda Kawu ya gaisa da ita da Fulatancin da ya tsinta a hanya, da wani tsoho mai buhun busasshen barkono da ya ƙi yarda a sa shi a but ɗin mota, ya rungume shi, muna ta atishawa bi da bi har jaririn. Duk da haka lokaci na tare da ni. Sai ga shi a wata mararraba mun tarar da wani dattijo, aminin marigayi mahaifina, tsaye da sanda da farar riga, yana kallon sama.

Na tsaya, na kashe mota, na fito, na rusuna. Suna za shi, jikarsa ta haihu.

"A ina ne, Baba?"

"Nan gaba kaɗan. Amma je ka abinka."

Kawu ya leƙo ya faɗi sunan ƙauyen. Na san shi. Sai an sauka daga kwalta an yi tafiya mai kyau. Na duba agogo, bakwai da minti ashirin da biyar. Ba na buƙatar takarda in san inda wannan zai kai ni: takwas da kwata in an yi sa'a, kuma malamin Kudan na tsaye gaban ajina. Ba zan iya ce wa aminin mahaifina a'a ba. Wannan ba ya cikin abubuwan da ake iyawa. Ina durƙushe sai na ji wani ƙugin inji da na fi sani fiye da muryar wasu 'yan'uwana. Bas ɗinmu ce ke tahowa, ta rinjaya gefe guda saboda kaya.

Na miƙe na zagaya wajen tagar Kawu.

"Kawu, hannu bai manta ba ko?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Hannun wa?"

Na miƙa masa makulli. Ban taɓa ganin tsoho ya fito daga mota da irin wannan saurin ba. Kafin in ɗauko jakata ya riga ya zauna, ya gyara kujera, ya gyara madubi, ya tura hularsa ƙeya, yana gaya wa dattijon ya shigo gaba ya miƙe ƙafa, yau za a kai shi har ƙofar ɗakin mai jego. Na roƙi gafarar kowa, na tsaya tsakiyar titi ina ɗaga hannu biyu.

Direban ya taka birki ya leƙo, fuskarsa cike da murna irin ta wanda aka kawo wa labari har gida.

"A'a! Mai mota! Ta mutu ne?"

"Lafiyarta ƙalau."

"Mai ya ƙare?"

"Akwai mai."

"To me ya faru, Malam?"

"Sauri nake yi."

Motar gaba ɗaya ta kwashe da dariya. Wani mai kaji ya ce a matsa wa Alhaji, ya saba da kujera shi kaɗai. Wata mata ta ce ba inda za a matsa, sai dai ya zauna a kan ilminsa. Aka dai cusa ni na biyar a kujerar mutum uku, rabin jikina a kan buhun albasa, wani ya ɗora mini tiren ƙwai a cinya ba tare da ya tambaye ni ba, muka tashi.

Ban san yadda zan kwatanta daɗin tafiyar nan ba. Mun wuce dattawa uku da na sani, ɗaya ma tsohon malamina ne na firamare. Kowannensu na ɗaga masa hannu ta taga cikin ladabi, shi ma ya ɗago, muka rabu kowa na ganin mutuncin ɗan'uwansa, a cikin daƙiƙa biyu. Iska na shigowa da ƙamshin mazarƙwailar da ake dafawa a gonaki. A bayana ana musu a kan ko ruwan bana zai sauka da wuri. Na ji kamar wanda ya yi doguwar jinya aka sallamo shi.

Takwas saura minti takwas na shiga ƙofar makaranta a ƙafa, rigata na warin albasa. Shugaban makaranta na nan inda ya saba, malamin Kudan na gefensa, har ya ɗauko alli ya riƙe. Shugaba ya dube ni, ya leƙa bayana.

"Malam, ina motar?"

"Tana wurin aiki, ranka ya daɗe."

"Kai kuma fa?"

"Ni ma na zo nawa."

Malamin Kudan ya miƙo mini allin da hannu biyu, yana ƙunshe dariya, ya ce dama riƙe mini ya yi kada ya yi sanyi. Na shiga aji.

Da aka tashi na fito na tarar da motata ƙarƙashin inuwa, an wanke ta har tayoyi. Kawu na jingine da ita yana shan rake, yana ba maigadin makaranta labarin wata gada a kurmi. Ya ba ni rahoto kamar soja: an kai dattijo suna, an ci tuwo, an yi wa jariri allura an mai da su gida, nono ya ƙare a kasuwa, mai barkono ya sayar. Wata ƙara da na daɗe ina ji a ƙasan motar kuma, wadda na ɗauka halin motar ne, ƙusa ce ta kwance a salansa, ya ɗaure. Na miƙa hannu in karɓi makulli. Ya nuna mini ɗaya kujerar da guntun rakensa.

"Zauna can, ka ga yadda ake shiga kwana."

Daga ranar tsarin ya zauna da kansa, ba wanda ya tsara shi. Kawu kan zo da safe sanye da wankakkiyar riga, ya karɓi makulli, ya kwashi duk mai kallon sama daga Ikara har inda Allah ya nufa, wani lokaci har Furana, ya tsaya ya gaisa da kowa yadda ransa ke so, don shi ba mai jiran sa da ƙararrawa. Ni kuma in taka zuwa tasha. Da yamma ya biyo ya ɗauke ni, in zauna a gefe ana yi mini darasi. Maiɗakina ta sami direban da ya fi ni haƙurin jiran mata su gama sallama a gidan biki. A gari kuwa labari ya bazu cewa Malam ya sayi mota sukutum ya ba kawunsa, har liman ya yi misali da ni a kan zumunci. Inna ta riƙa karɓar barka. Na yi niyyar gyara labarin, sai na ga ba wanda ya tambaye ni.

Ajin bai bar hannuna ba. Ranar da za su rubuta lissafi na isa tun kafin a buɗe ɗakin jarrabawa, na tsaya a bakin ƙofa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ina duba fensir da abin gogewa, ina gaya wa kowa ya karanta tambaya sau biyu kafin ya taɓa takarda. Ta ƙarshensu ta zo tana lalube a jaka, ido ya cika da ƙwalla, ta manta rula a gida. Na zaro tawa daga aljihu na ba ta, ta shiga da gudu. Aka rufe ƙofa. Na tsaya ina kallon ƙofar, sai na ga karon farko cikin shekara uku ba ni da sauran abin da zan yi musu. Na je bakin titi na sayi rake gaɓa uku, na dawo na zauna a kan dakali ina sha, ina jiran su fito su gaya mini yadda ta kaya.